Lambar PI a Kan Oksimita: Yadda Take Nuna Ko Allurar Kashe Zafi Ta Buɗe Hanyar Jini

Tun zamanin Korona a 2020, ƙaramar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa, wato oksimita, ta baro ɗakin tiyata ta shigo kasuwa. Yau ana samun ta a manyan kemis na PZ da Sabon Gari da Samaru, kuma gidaje da yawa masu tsoho ko mai ciwon asma sun ajiye ɗaya a durowa. Lambobi biyu kowa ya sani a fuskarta: SpO2, wato yawan iskar oksijin a jini, da PR, wato bugun zuciya a minti ɗaya. Amma wasu samfuran suna da lamba ta uku, 'yar ƙarama a gefe, an rubuta PI%. Mai shago da wuya ya iya faɗin amfaninta, takardar cikin kwalin ma sau da yawa layi ɗaya take ba ta.

Wannan lambar tana auna ƙarfin gudun jini a yatsa. Likitocin da ke ba da maganin barci da na kashe zafi lokacin tiyata suna iya kallon ta su gane ko allurar da suka yi wa wata jijiya ta kama, tun kafin majiyyaci ya ce hannunsa ya mutu. Fahimtar yadda hakan ke faruwa yana buƙatar a san abin da ke cikin sirinjin, domin sau da yawa ba magani ɗaya ba ne a ciki.

Yadda na'urar ke samo lambar

A cikin oksimita akwai fitilun LED guda biyu. Ɗaya ja ce mai tsawon zango kusan nanomita 660, ɗayar kuma infirared ce wadda ido ba ya gani, kusan nanomita 940. A ɗaya ɓangaren yatsan akwai sensa mai karɓar hasken da ya ratsa. Injiniyan Japan Takuo Aoyagi, na kamfanin Nihon Kohden, shi ya gano dabarar a farkon shekarun 1970.

Hasken da ya iso wa sensa kashi biyu ne. Akwai wanda ba ya canzawa, wanda ƙashi da fata da nama suka tsare rabonsu suka bar saura, injiniyoyi suna kiran sa DC. Akwai kuma ɗan ƙaramin kaso mai hawa da sauka tare da kowane bugun zuciya, saboda jini ya cika yatsa ya koma, shi ne AC. Lissafin kuwa na 'yan firamare ne:

PI = (AC ÷ DC) × 100

Yawancin na'urori suna nuna daga 0.02 zuwa 20. Idan hanyoyin jinin yatsa a tsuke suke, lambar kan faɗi ƙasa da 1. Idan sun buɗe, tana iya ninkawa sau biyu ko uku cikin mintuna kaɗan. Babu wata lamba guda da za a ce ita ce ta lafiya ga kowa, canjin da aka samu a jikin mutum ɗaya shi ne abin dubawa.

Wa ke riƙe da kan famfon?

A nan Hausa tana da wata 'yar matsala, domin kalmar jijiya tana ɗaukar abu biyu: wadda jini ke bi, da wadda saƙo ke bi daga ƙwaƙwalwa. Don kauce wa ruɗani, ta farko za a kira ta hanyar jini, ta biyu kuma jijiya.

Cikin jijiyoyin akwai wani rukuni da ba ya jiran umarnin mutum. Likitoci suna ce masa simfatetik, amma sunan da ya fi dacewa da aikinsa shi ne jijiyoyin ko-ta-kwana. Su ne ke sa zuciya ta yi dukan uku-uku idan mai babur ya tsallake rijiya da baya a Kwangila, su ke kawo zufa a tafin hannu, kuma su ke matse ƙananan hanyoyin jinin fata. Ko mutum yana zaune lafiya, suna riƙe da hanyoyin nan a ɗan tsuke, kamar famfon da aka buɗe rabi.

Masanin Faransa Claude Bernard ya nuna hakan a farkon shekarun 1850. Ya yanke wannan jijiyar a gefe ɗaya na wuyan zomo, sai kunnen wannan gefen ya yi ja, ya yi ɗumi, ɗayan kuma yana nan yadda yake. Saƙon matsewa ya yanke, jini ya kwararo. Abin da likita ke yi yau da allura ke nan, sai dai shi ba ya yankewa, kashe layin yake yi na ɗan lokaci.

Jijiyoyin nan suna da mahaɗa a wurare sanannu. Akwai wani ƙulli a gindin wuya mai siffar tauraro, shi ke kula da fuska da hannu. Akwai jerin wasu a gefen ƙashin baya wajen ƙugu, su ke kula da ƙafa. Likita yana kai allura wurin, yana kallon bakinta a na'urar sikanin ko hoton ekisire, ya zuba maganin. Idan na wuya aka yi, fatar idon wannan gefen takan ɗan sauko, ƙwayar idon ta tsuke na wasu awoyi. Alamar tana da suna tun 1869, sunan likitan ido na Suwizalan Johann Friedrich Horner.

Kada mai karatu ya ɗauka abin na Turai ne kawai. Duk matar da aka yi wa allurar baya kafin tiyatar haihuwa, a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ko a wani asibitin, ta san shi a jikinta. Abu na farko da take ji shi ne ɗumi a ƙafafu, kafin su yi nauyi. Jijiyoyin ko-ta-kwana sirara ne, su ke fara mutuwa. Shi ya sa kuma awon jini kan faɗi a mintunan farko, likita yana tsaye da ruwan dirif da maganin ɗaga shi a hannu.

Matsalar lokaci

Maganin kashe zafi ba ya daɗewa. Lidokain, wanda Nils Löfgren ya haɗa a Suwidin a 1943, yana kamawa da sauri amma awa ɗaya zuwa biyu ya sake. Bufibakain ya fi shi jinkirin kamawa, ya kuma fi shi daɗewa, amma shi ma awoyi ne. Wani abin ban haushi, lidokain da kansa yana buɗe hanyoyin jinin wurin da aka zuba shi, jinin ya zo ya kwashe shi da wuri. Ƙara yawan maganin kuma ba mafita ba ce, domin idan ya yi yawa a jini yana kawo jijjiga, yana iya tsayar da zuciya. Daga nan aka fara neman abin da za a gauraya masa.

Adirenalin, tsohon abokin tafiya

Likitan tiyata na Jamus Heinrich Braun ne ya fara haɗa adirenalin da maganin kashe zafi a 1903. Adirenalin yana matse hanyoyin jinin wurin, maganin ya zauna kusa da jijiya maimakon ya bi jini. Ga lidokain, wannan kan ƙara lokacin sosai, jinin da ke zuba a wurin yanka ma ya ragu. Adadinsa ƙanƙani ne ƙwarai. Idan aka ga 1:200,000 a jikin kwalba, ana nufin maikirogiram 5 a kowane mililita. Wanda likitocin haƙori ke amfani da shi yakan fi ƙarfi, 1:80,000 ko 1:100,000.

Tambaya za ta zo wa mai karatu: idan manufar ita ce a buɗe hanyar jini, me ya kawo maganin matse ta cikin sirinji? Amsar tana wajen wuri. Allurar a wuya ko ƙugu take, buɗewar da ake nema kuma a yatsun hannu ko na ƙafa. Matsewa a wurin allura tana tsare maganin kusa da jijiya, layin ya daɗe a kashe, yatsun can nesa su daɗe a buɗe. Akwai kuma wani amfani da oksimita ke shiga ciki kai tsaye. Idan bakin allura ya faɗa cikin hanyar jini ba a sani ba, adirenalin zai sa bugun zuciya ya yi tsalle cikin ƙasa da minti ɗaya, lambar PR ta nuna, likita ya dakata kafin ya tura sauran maganin. A wuya, inda babbar hanyar jinin da ke zuwa ƙwaƙwalwa take dab da ƙullin, wannan ba abin wasa ba ne.

Duk da haka likitoci da yawa ba sa sa shi a irin wannan allurar. Ita jijiyar kanta tana da 'yan ƙananan hanyoyin jini da ke ciyar da ita, kuma adirenalin yana rage musu gudu. Mai lafiya zai jure, amma mai ciwon suga wanda jijiyoyinsa sun riga sun raunana, ko mai ciwon zuciya, lissafinsa daban ne.

Shekaru da dama ana koya wa ɗaliban likitanci cewa haramun ne adirenalin ya kusanci yatsa, kunne, hanci ko al'aura, wai wurin zai ruɓe. A 2001 likitan Amurka Keith Denkler ya bi tsofaffin rahotannin ruɓewar yatsa tun daga ƙarni na 19, ya ga cewa waɗanda adirenalin ke ciki kusan duk da tsofaffin magunguna irin su kokain da furokain aka yi su, lokacin da ake haɗawa da hannu. A 2005 kuma ƙungiyar Donald Lalonde a Kanada ta fitar da rahoton allurai 3,110 a hannu da yatsu ba tare da an rasa yatsa ko ɗaya ba. Daga nan tiyatar hannu ido biyu ta bazu. Sai dai wannan sassaucin na masu lafiyayyar hanyar jini ne, a hannun likitan da ke da maganin warwarewa a kusa. Wajen kaciya, har yanzu abin da aka fi koyarwa shi ne a yi amfani da wanda ba shi da adirenalin. Kwalaben biyu kuwa kamarsu ɗaya, 'yan kalmomi ne a jikin takarda suka raba su, kuma duka ana sayar da su a kemis. Mai kai yaro kaciya wajen wanda ke yin allura yana da haƙƙin tambayar wacce ce za a yi masa.

Adirenalin kuma ba ya son zafi da haske. Kwalbar da ta sha zafin Maris da Afrilu a kantar shago, ruwanta ya fara komawa ruwan hoda ko ruwan ƙasa, ta tashi daga aiki.

Sauran abokan haɗi

Deksametason sananne ne a nan, har ya yi ƙaurin suna saboda masu shan sa don ƙiba. A ɗakin tiyata kuwa yana cikin waɗanda suka fi tsawaita allurar jijiya. Nazarin Cochrane na 2017 ya tattara gwaje-gwaje da dama, ya samu ƙarin kusan awa shida zuwa bakwai a kan wanda ba a sa masa ba. Abin mamaki, ba da shi ta dirif ma ya kawo ƙari mai kusan haka, wanda ya sa wasu likitoci suke ganin babu dalilin zuba shi a kan jijiya. Yana ɗaga sugan jini na ɗan lokaci, kuma masu ciwon suga su ne da yawa daga cikin masu matsalar gudun jini a ƙafa. Dalilin da ya sa aka fi zaɓar sa cikin danginsa shi ne yana narkewa tas. Wasu 'yan uwansa farare ne kamar koko, da ƙananan ƙwayoyi a ciki, waɗanda idan suka shiga siririyar hanyar jini za su iya toshe ta. A 2014 hukumar magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi kan allurar wannan dangin magani a kusa da laka.

Kulonidin an fara haɗa shi ne a Jamus a shekarun 1960 don toshewar hanci, sai aka ga yana sauke hawan jini. A allurar jijiya yana ƙara kusan awa biyu, amma yana iya kawo barci, jiri da raguwar bugun zuciya. Ƙaninsa deksmedetomidin ya fi shi ƙarfi, ya kuma fi shi tsada.

Akwai kuma soda, wato sodiyam baikabonet. Ruwan lidokain mai tsami ne, musamman mai adirenalin, shi ya sa yake raɗaɗi lokacin shiga. Ɗan soda yana kashe tsamin, raɗaɗin ya ragu, maganin ya ɗan fi saurin kamawa. Dabarar ɗaya ce da ta kanwa a miyar yakuwa, sai dai wannan na asibiti ne da aka tace, kuma idan aka sa wa bufibakain fiye da kima sai ya guntse. Wannan batu na tsami ne kuma ya sa allura ba ta cika kama wurin da ya yi ruwa ba, kamar maruru ko haƙori mai kumburi.

Mafi ban mamaki shi ne botoks, dafin nan da ake goge tamoji da shi. A 2009 likitoci a Jami'ar Stanford sun gauraya shi da bufibakain a allurar ƙugu ga masu wani ciwo mai tsanani da kan biyo bayan rauni, inda ƙafa ke ƙuna tana canza launi. Sauƙin ya kai kusan kwana 71, maimakon ƙasa da kwana 10 da bufibakain kaɗai. Sai dai mutum tara kacal aka gwada, kuma kuɗin kwalba ɗaya ya isa ya sa maganar ta tsaya a takarda ga yawancin marasa lafiyar Zariya. Idan ana son kashe layin na watanni, tsohuwar hanya ita ce finol ko barasa mai ƙarfi, waɗanda ke lalata jijiyar da gangan.

Yadda ake gane ta kama

Da can likita yana taɓa ƙafafu biyu da bayan hannu, ko ya liƙa ma'aunin zafi a fata ya jira. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce gefen da aka yi wa allura ya ɗara da digiri 1.5 zuwa 2. Matsalar ita ce zafin fata yana jan ƙafa, sai jini ya gama ɗumama nama kafin ma'auni ya motsa. PI kuwa jinin kanta take kallo, don haka takan riga shi. Wani bincike na Jami'ar Alƙahira da aka buga a 2017, kan allurar da ke kashe hannu gaba ɗaya daga saman ƙashin wuya, ya nuna cewa idan bayan minti goma PI ta ninka ta farko da fiye da 1.4, allurar ta kama. A hannun da ba a taɓa ba, lambar tana nan inda take.

Kyamarar zafi ita ce ta biyu. FLIR One, wadda ta fito a 2014, ana soka ta a gindin waya ta mayar da ita mai ganin zafi, kuma wayoyi irin su CAT S60 ta 2016 sun zo da ita a jiki. Masu gyaran waya a PZ da suka taɓa neman inda fanel ke zafi da irin wannan kyamarar sun san hoton: shuɗi sanyi, ja da rawaya zafi. A ƙafar da allura ta kama, launin yakan fara canzawa daga yatsu. Ba ta da daidaito sosai wajen faɗin ainihin digiri, amma wajen kwatanta hagu da dama a hoto ɗaya ta wadatar.

Bindigar awon zafin goshi ma za ta iya, da sharaɗi ɗaya. A yanayinta na auna jiki, manhajar ciki tana ƙara wa abin da ta gani don ta kintaci zafin cikin jiki, wani lokaci ma ta ƙi nuna komai idan fata ta yi sanyi. Dole a mayar da ita yanayin auna saman abu.

Ita ma PI tana da abubuwan da ke rikita ta. Sanyin hunturu yana sauke ta ƙasa warwas, haka tsoro, zafin ciwo da motsi. Jan farce da baƙin lalle suna iya tare haske. Kowane kamfani da yadda yake tace siginarsa, don haka lambar wata na'ura ba a kwatanta ta da ta wata. Ga kuma batun launin fata: binciken Jami'ar Michigan na Disamba 2020 ya gano cewa oksimita tana ɓoye ƙarancin oksijin a baƙar fata kusan ninki uku fiye da farar fata. Wannan kan SpO2 ne, amma darasin ya shafi PI: a auna mutum kafin allura, a auna shi bayanta, yatsa ɗaya, na'ura ɗaya.

Inda abin yake da nauyi

Mai ciwon ƙoda da zai daɗe yana wanki yana buƙatar a yi masa 'yar tiyata a hannu, a haɗa hanyar jini mai fita da mai komawa, domin ta kumbura ta iya ɗaukar allurar injin. Ana kiran ta fistula, kuma da yawa sukan toshe kafin a fara amfani da su. A 2016 likitoci a Gilasgo sun buga gwaji a mujallar The Lancet kan mutum 126. Rabi an kashe musu wurin yankan kawai, rabi an kashe jijiyoyin hannun gaba ɗaya, wanda ya haɗa da na ko-ta-kwana, hanyoyin jini suka buɗe lokacin aikin. Bayan wata uku, kashi 84 cikin ɗari na rukuni na biyu fistularsu ba ta toshe ba, na farko kuma kashi 62. Ga iyalin da ke sayar da gona don biyan kuɗin wanki, bambancin tiyata ɗaya da biyu ba ƙarami ba ne, kuma tambaya ce da za a iya yi wa likita kafin ranar aiki.

A ƙafar mai ciwon suga ko mai shan taba kuwa, sai an yi hattara da zumuɗi. Allurar tana buɗe ƙananan hanyoyin fata ne, ba ta fasa toshewar da ke cikin babbar hanyar cinya. Mutumin Zariya ya fi kowa sanin cewa buɗe kan famfo a gida ba ya kawo ruwa idan babu shi a babban bututu. Ƙafa tana iya yin ɗumi, zafin dare ya ragu, ƙaramin gyambo ya samu sauƙi, amma ba madadin tiyatar buɗe hanya ko kula da suga ba ce. Ko a ciwon ƙunar ƙafa da aka ambata a baya, nazarin Cochrane na 2016 ya ce hujjar amfanin allurar ba ta da ƙarfi, duk da daɗewar da aka yi ana yin ta.

Ga ɗalibin Samaru mai wasa da Arduino ko ESP32, sensar MAX30102 tana da fitila ja da infirared, tana kuma ba da ɗanyen lambobi. A ɗauki karatun infirared na daƙiƙa biyar, matsakaicinsu shi ne DC, tazarar sama da ƙasa a kowane bugu ita ce AC, a raba a ninka da ɗari. Ba na'urar asibiti ba ce, amma za ta nuna jijiyoyin ko-ta-kwana suna aiki. A zauna shiru har lambar ta daidaita, sannan a ja numfashi mai zurfi da sauri sau ɗaya, ko a tsoma ɗaya hannun a ruwan ƙanƙara. Cikin 'yan daƙiƙu PI za ta faɗi, sannan ta dawo a hankali. A hannun da allurar ta kama, wannan faɗuwar ba ta faruwa, ko ta ragu ƙwarai, domin saƙon matsewar ba shi da hanyar isa yatsa.